Baba Tsanwa da Shinkafar da Aka Sa wa Cuta

In ka shiga cibiyar binciken noman nan ta ƙofar baya, ka wuce ma'ajiyar taki da famfon da ba ya rufuwa, za ka tarar da wani dogon ɗaki na gilashi mai zafi kamar cikin tanda. Nan ne ofishin Baba Tsanwa, in dai za a kira shi ofis. Shekara ashirin da takwas yana ban ruwa a cikinsa. Sunansa na yanka yana nan a takarda, amma ko mai gadi bai san shi ba. Tsanwa aka laƙaba masa saboda duk abin da ya taɓa sai ya yi kore shar, har direbobin cibiyar suna tsokanarsa cewa in ya daɗe riƙe da ƙotar fartanya sai ta yi toho.

Gajere ne, siriri, ƙafafunsa kullum a jiƙe. Bai yi boko mai nisa ba, yana dai karanta lamba. Abin alfaharinsa a duniya guda ne: tun da ya kama aiki, cuta ba ta taɓa kwana a ɗakinsa ba. Daraktoci sun zo sun tafi, kowanne in ya yi baƙi nan yake kawo su, su kuwa su yi ta jinjina kai. Babu wanda ya taɓa tambayarsa yadda yake yi. Da an tambaya, da ya zaro 'yar wuƙar da ke aljihun gaban rigarsa, mai ƙotar ƙaho, wadda wasawa ta cinye bakinta har ya zama kamar tsinke.

Wuƙar ta mahaifinsa ce, kuma tana da labari. Mahaifin nasa manomin shinkafa ne a fadama, irin waɗanda ke gaida shuka kafin su gaida mutum. Wata shekara, lokacin Baba Tsanwa yana saurayi, tsohon ya samo wani iri mai kyau, ya zuba masa taki ba ƙaƙƙautawa. Shinkafa ta tashi har ƙirji, mutane suna tsayawa a hanya suna kallo. A gefensu akwai gonar wani malalacin maƙwabci, shinkafarsa gajera, a tsuke, abin dariya. Ana nan sai tabo ya fara fitowa a ganyen tasu, tabo mai kama da ido, tsakiyarsa toka-toka, gefensa ja. Tsohon yana fama da ciwon baya a lokacin, sai ya ba ɗansa wuƙar ya ce, "Duk ganyen da ya buɗe ido ka cire shi daga gindi, ka shanya, ka ƙone. Kullum da safe. Kada ka tsallake rana."

Shi kuwa ya tsallake har uku. Abokai suka zuga shi, suka bi wata mota neman aikin da ba su ma samu ba. Da ya dawo ya tarar da gonar kamar an watsa mata tafasasshen ruwa, wuyan zangarniya duk ya karye, kai fari fat babu ƙwaya. Tsohon yana zaune a bakin kunyar gonar. Bai zage shi ba, bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Ka dawo?" Da ma dukansa ya yi, wallahi da ya fi sauƙi. Maƙwabcin nan kuwa ya girbe abinsa lafiya lau. Tsohon bai ƙara noma da zuciya ɗaya ba, bayan shekara biyu ya rasu. Tun daga nan Baba Tsanwa yake ɗauke da kwana ukun nan, da tambayar da ya kasa amsawa: ta yaya mai kula zai rasa, malalaci ya samu?

To, shi ya sa kowace safiya kafin kowa ya iso, sai ya bi shukokin ɗakin ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga ganye ya duba bayansa. Wanda ya buɗe ido, ƙit, ya yanke shi daga gindi, yankan da ko mai shukar ba zai gane ba. A wurinsa wannan ba wani aiki ne da ake ba da labarinsa ba, kamar dai mutum ya ce ya wanke fuska.

Sai ga Dakta. Sabuwa ce a cibiyar, sa'ar 'yarsa ta biyu, ga tabarau, ga sauri kamar ana kora ta. Tana da ladabi, ba ta wuce shi sai ta rusuna ta ce, "Baba, ina kwana." Waɗanda suka gabace ta duk a kan taki da ƙarancin ruwa suka yi bincike, abin da Baba ya gane sarai. Ita kuwa ta kawo tukwanen roba ɗari biyu, ta jera a kan benci biyu, ta ce duk shinkafa iri ɗaya ce. Da aka yi sati huɗu, na bencin dama suka miƙe dogaye, ganye luf-luf, na hagu suka tsaya gajeru.

"Dakta, na hagun nan yunwa suke ji," in ji Baba. "A ƙara musu taki."

Ta yi dariya. "A'a, Baba. Su ne ma na asali. Na daman nan ne muka taɓa. Ka san kowace shuka tana da wani sinadari a jikinta, shi yake ce mata ta yi girma. Akwai kuma ƙwayar gado guda da ke riƙe da shi, kamar birki, kada ya yi yawa. To mu birkin muka cire."

"Birki? A jikin shinkafa?"

"Ba na ƙarfe ba, Baba."

"To na mene ne?"

Ta fara bayani, tana zana wasu ƙananan da'irori da kibiyoyi a bayan ambulan. Baba yana gyaɗa kai yana cewa "ƙwarai, ƙwarai," amma kansa ya riga ya ɗaure tun a da'ira ta biyu. Abin da ya fahimta kawai shi ne yarinyar nan ta gano yadda za a sa shinkafa ta yi tsawo, kuma Allah ya yi mata albarka. Tun daga ranar ya ɗauki na daman nan kamar jikokinsa. Sun tuna masa da wata gona.

Ranar wata Asabar da ba ya aiki, Dakta ta shigo ita kaɗai ta yi abin da za ta yi, ta lulluɓe bencinan da leda. Ranar Litinin ta yaye ledar, ta liƙa wata takarda da Turanci a ƙofa, ta ce masa, "Baba, zan yi tafiya taro, kwana bakwai. Ruwa kawai za ka riƙa ba su. Ko taki, ko magani, kada a sa komai."

"An gama, Dakta."

Ita ba ta ga dalilin yi wa mai ban ruwa dogon bayani ba, shi kuma bai ga dalilin tambaya ba. Takardar ƙofa kuwa, ai takardu sun sha liƙuwa a ƙofar nan, ba su taɓa hana shi aikinsa ba.

Kwana biyu da tafiyarta, ya ɗaga ganyen wata doguwa. Ido! Ya duba ta kusa da ita, wani idon. Ta gaba, biyu. Innalillahi! Da yawa haka, a ɗakinsa? Bayan shekara ashirin da takwas? Ta ina ta shigo, ta rufi ko ta ƙasan takalmin wani? Ya duba na hagu, gajerun, sai ya ga 'yan ɗigo-ɗigo kamar kan allura, irin waɗanda ya san sun mutu a wurin, ba inda za su. Waɗannan ya ƙyale su. Amma dogayen, jikokinsa, su cutar ta nufa. Ya zaro wuƙa. An hana taki, an hana magani, amma ai ba wanda zai ce ka ga wuta a gidan mutum ka tsaya jiran ya dawo daga tafiya.

Kwana biyar ya yi yana wannan yaƙin. Ya cire na yau, gobe wasu su buɗe. Da yake dogayen suna da yawan ganye, kuma hannunsa ya gwanance, ba a ganin gurbin. Ganyen kowace rana sai ya ɗaure shi dami guda da zaren buhu, ya cusa a wani tsohon buhun taki a ƙarƙashin benci, yana jira su bushe ya ƙone, yadda aka koya masa. Ranar da Dakta za ta dawo, ya bi bencin dama sau uku. Ko tabo ɗaya babu. Ya share gumi ya yi hamdala, ya ce a ransa wannan karon bai tsallake rana ba.

Dakta ta shigo da 'yar rula da littafinta. Ta fara da hagu, tana ƙirga ɗigo tana rubutawa. Ta koma dama. Ta ɗaga ganye, ta ɗaga wani, ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Ta zauna a kan bokitin da aka kife.

"Baba, wannan fa ba zai yiwu ba."

"Lafiya, Dakta? Ba su yi kyau ba?"

"Sun yi kyau. Shi ne matsalar. Duk abin da na karanta, duk abin da na lissafa, waɗannan ne ya kamata su fi kamuwa. To ga shi ko ɗigo babu!"

Baba ya rasa gane inda ta dosa. Shuka ta yi lafiya, mai ita tana riƙe da kai kamar an yi mata rasuwa! Ya ce a ransa, wato boko in ya yi yawa haka yake yi wa mutum.

Kafin azahar labari ya kai ga Darakta. Ya zo da kansa, da tumbinsa da muƙarrabansa, yana ta "Madalla! Madalla!" Ya ce wannan babban abu ne, shinkafa mai tsawo mai yabanya wadda cuta ba ta kama ta. Ya ce a fara shirin ninka irin, a kai gonakin gwaji, in Allah ya yarda nan da 'yan shekaru yana hannun manoma. Har ya dafa kafaɗar Baba ya ce hannun Tsanwa ba ya ƙarya. Baba ya ji daɗi, baki har kunne. Sai Darakta ya juya ya ce, "Dakta, kin tabbata dai cutar da kika fesa musu mai rai ce?"

"Mai rai ce, ranka ya daɗe. Ni na raine ta da kaina sati biyu. Ga shaida nan a jikin gajerun."

Butar ban ruwa ta kusa suɓuce wa Baba. Cutar da ta fesa? Ta raini cuta? Kamar yadda ake rainon ɗan akuya? Ya dubi Dakta, yarinya mai hankali mai gaida mutane, ya dubi shukokin, ya dubi ƙarƙashin benci inda bakin buhu ya ɗan leƙo. Ya matsa a hankali ya tura shi ciki da ƙafa.

Da ya koma gida da yamma, abinci ya ƙi shiga. Matarsa, wadda shekara talatin da biyar ta koya mata karanta ƙeyarsa, ta ce, "Malam, wa ya mutu?"

Ya kwashe duka ya faɗa mata. Ya ce, "Ni fa kaina ya kulle. Mutum ya shuka abu da hannunsa, ya sa masa cuta da hannunsa, ya tafi taro. Na ceci abin, ta shiga damuwa. Yanzu kuma ana murna, ni ne na shiga damuwa. Laifi na yi ko alheri? In na yi magana, a ce tsohon banza ya ɓata aikin wata huɗu, shekara biyu ya rage in yi ritaya a sallame ni da kunya. In na yi shiru, kowa na murna."

"Garin neman gira dai ka rasa ido," in ji ta. Ta ci gaba da tsince wake a faranti, can ta ce, "Shi irin, in an ninka, wa za a ba?"

"Manoma."

"Su kuma kowanne za a haɗa masa da kai da wuƙarka?"

Sai ya ga fadama a idonsa, ba ɗaya ba, ɗari, kowace da shinkafa har ƙirji, kowace da tsoho zaune a bakin kunya.

Washegari ya riga kowa zuwa kamar kullum, amma bai taɓa ganye ba. Da Dakta ta shigo, ya jawo buhun, ya zazzage a kan benci. Dami biyar, kowanne da zarensa. Ya ajiye wuƙar a gefensu.

"Wannan na Laraba ne, wannan na Alhamis. Duk daga dama suke. Ni na cire su, Dakta. Ban san ke kika sa ba."

Ta kwance dami ɗaya. Ganyen sun yi yaushi, amma idanun suna nan reras, wani ganyen har biyar. Sai Baba ya ga hawaye ya taru a bayan tabarau. Wata huɗu ba wasa ba ne, ga Darakta ya riga ya buga wa duniya waya.

"Baba, me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Ke me ya sa ba ki faɗa min ba, 'yata?"

Ta dubi takardar da ta liƙa a ƙofa, ta dube shi, ta sunkuyar da kai. Can ta ɗauki damin Laraba ta ce, "Tsaya. Laraba? Kwana huɗu da feshi ka gan su? Ni sai a na shida nake iya gani."

"Ai tun kafin ido ya buɗe wurin yakan yi kamar an ɗiga mai."

Yadda ta ƙare da Darakta, Baba bai sani ba. An dai ji murya ta tashi a ofis, an kuma ji Dakta tana cewa laifin nata ne da ba ta yi wa abokin aikinta bayani ba. Abokin aiki! Shekara ashirin da takwas ba wanda ya taɓa kiransa haka. Maganar ninka iri ta mutu. Sauran irin da ya rage, ɗan kaɗan a ambulan, aka sake shukawa.

Wannan karon a gabansa ta fesa cutar. Ta ba shi aiki: kowace safiya ya zagaya da ita, ya nuna mata inda tabo zai fito, ita ta auna ta rubuta. Wuƙar kuwa, shi da kansa ya ce ta kulle ta a durowarta, don bai yarda da hannunsa ba. Bai taɓa yin aiki mai wuya kamar wannan ba. Ya ba su ruwa, ya ga ido ya buɗe, ya haɗu da na kusa da shi, ganye ya ƙone daga baki, shi kuwa hannu a baya kamar ɗan makaranta. Sau nawa yatsunsa suna zuwa aljihu su tarar da wayam.

A kwana na goma bencin dama ya zama kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Na hagu, gajerun nan marasa fasali, suna tsaye da 'yan ɗigonsu, ko a jikinsu. Baba ya tsaya tsakanin bencinan biyu ya kasa motsi. Ya taɓa ganin wannan, da kunyar gona a tsakani.

"Dakta, sake yi min bayanin birkin nan. A hankali. Ban da zane."

Ta ajiye littafin. "Ƙarfin shuka guda ne, Baba. Ko ta sa shi a girma, ko ta sa shi a tsaron kanta. In sinadarin girman nan ya yi yawa, sai ta yi ta miƙewa, jikinta ya yi laushi, ta saki tsaro. Ita cutar ma tana da wayo, wani lokaci ita ke zuga sinadarin don a buɗe mata ƙofa. Wanda birkinsa ke aiki ba ya kai wancan kyau, amma ƙofarsa a rufe take."

"In kuma aka samu iri mai son tsawo, aka ƙara masa taki mai yawa?"

"Wannan ai an yi wa cuta shimfiɗa."

Har yanzu bai gane yadda birki ke shiga ƙwayar shinkafa ba, kuma ya haƙura, ba zai gane ba. Tambaya ɗaya ce ta rage masa, wadda ta fi shekara arba'in a maƙogwaronsa.

"A ce gona ce, babba, ta mutum guda. A ce akwai mai cire ganyen kullum da safe, bai tsallake ko rana ɗaya ba. Za ta tsira?"

"Tukunya ɗari ma kwana biyar ka yi kana fama, a ɗaki rufaffe. A fili iska ce ke kawo ta, Baba, ta ko'ina. Ko mutum goma ne da wuƙa goma, in ta kai wuyan zangarniya shi ke nan."

"Ko bai je ko'ina ba?"

"Ko a gonar yake kwana." Ta dube shi da kyau. "Gonar wa ce, Baba?"

Ya jawo bokitin nan ya zauna a tsakanin shinkafar da ta mutu da wadda ta rayu, ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa suna girgiza. Dakta ta rasa abin yi, ta je ta buɗe durowa ta ɗauko wuƙar ta miƙa masa, a zatonta ita yake kewa.

Ya karɓa, ya juya ta a tafin hannu, ya shafa ƙotar da babban yatsa.

"Mahaifina ma bai sani ba," ya ce. "Har ya rasu bai sani ba."

Ya mayar da ita aljihu, ya share fuska, ya ɗauki buta. Gajerun ba su sha ruwa ba tukuna.